Tsakanin Dutse da Ruwa: Me Ke Riƙe da Zaman Jama'a a Dutsin-Ma da Kurfi?

Duk mai son sanin lafiyar ƙasar Dutsin-Ma ba sai ya bi ta sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Ya dakata sai Laraba, ya shiga kasuwa da hantsi, ya buɗe ido. In ya ga motocin ƙauye sun iso da wuri, an jibge buhunan dawa da gero da wake a layin 'yan hatsi, kara ta cika da tumaki da awaki, matan Fulani sun jera ƙoren nono a inuwa, to makon ya zo da sauƙi. In kuwa ya tarar da dillalai zaune suna hamma, mai tsire bai ko hura wuta ba, to wani abu ya faru a wata hanya daren jiya, ko rediyo ya faɗa ko bai faɗa ba. A kasuwar nan ake jin wanda ya rasu a Karofi, da yarinyar da aka sa wa rana a Kuki, da kuɗin buhun taki, da garin da aka tasa. Ran Lahadi kuma a nufi kasuwar Caranci.

Abin tambaya game da wannan yanki, wato Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da ruwan Zobe, shi ne me ke riƙe da zaman jama'a har yau. Cikin shekara 40 an dasa musu madatsar ruwa da ta daɗe ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba, an kawo musu jami'a, sannan ɓarayin daji suka hana su barci. Duk da haka ana ɗaurin aure, ana raɗin suna, ana cin kasuwa, ana raka gawa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce al'ada, kuma da an ambace ta sai hankali ya tafi ga dawaki da algaita da 'yan tauri ranar sallah. A ganina ba can abin yake ba. Hawan sallah 'yan kwanaki ne a shekara. Abin da ke riƙe da mutane bashi ne, wanda ba a rubutawa, kowa na bin kowa, kuma ba a son a gama biyansa.

Kafin a kai ga bashin, a dubi ƙasar. Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Batagarawa da Kurfi, ta ratsa Dutsin-Ma bayan tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, ta miƙe kudu zuwa Ƙanƙara. Ƙasa ce ta jigawa da fadamu jefi-jefi, da manyan duwatsu tsaye ɗaiɗai a fili. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a dutsen da ke tsakiyar garin. Hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki tare da Ƙaura da Galadima da Durɓi, kuma gidan na jingine da Malam Muhammadu Na Alhaji, guda cikin malamai uku da suka ja ragamar jihadi a ƙasar Katsina, shi da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Hakimin Kurfi kuwa shi ne Maraɗin Katsina. Alhaji Ahmadu Kurfi, sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979, ya dawo gida daga baya ya riƙe wannan sarauta. Ƙidayar 2006 ta ba Dutsin-Ma mutum kusan 170,000, Kurfi kimanin 117,000, kuma su biyun ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja.

Talaka ba kullum yake ganin hakimi ba. Wanda yake gani mai unguwa ne, sai dagaci in magana ta yi nauyi. Mai unguwa ke tsayawa shaida in za a sayar da gona, shi ake kai wa baƙon da ba a san daga inda ya fito ba, gabansa ake kai akuyar tsintuwa da rikicin iyaka da maganar matar da ta yi yaji. Ba shi da albashin kirki, ba shi da ɗan sanda. Abin da yake taƙama da shi kawai ya san kowa har kakansa. Wannan sani ya ragu, kuma an san lokacin da ya fara raguwa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda a cikinsa Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma, ya ɗauke mulki daga hannun En'e. A 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, don an sha zaluntarsu da sunan haraji. Sai dai zagayen harajin nan shi ne ƙidayar shekara-shekara: ta nan mai unguwa ke sanin magidanta nawa ke ƙarƙashinsa, ardo ke sanin ruga nawa ta sauka da shanu nawa. Da aka tashi zubar da zaluncin sai aka haɗa da rajistar, ba a kuma kawo wata ba.

To, bashin. Mata suka fi kowa iya lissafinsa. In ƙawarki ta zo sunan ɗanki da naira 2,000, ba kyauta ta ba ki ba, biki ta yi miki. Ranar da nata ya taso za ki mayar da ƙari, bisa al'ada ma ninki, a yi ta hawa har ya yi nauyi, a zauna a rage a sake farawa. Babu takarda, amma babu mantuwa, kuma wadda ta ci bikin mutane ta noƙe, unguwa za ta ji kafin la'asar. Adashi ma haka: uwar adashi na karɓar zubi kullum ko ranar kasuwa, kowa na jiran kwasarsa, da shi ake sayen tunkiyar kiwo, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya tun tana firamare. Maza na da nasu: gayya a gonar surukai ko ta marar lafiya, taron yaɓe kafin damina, gudummawar ɗaurin aure, zaman makoki inda maƙwabta ke shigo da kwanukan tuwo, gidan mamaci bai ɗora tukunya ba. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa na iya raba masallaci, amma wajen jana'iza sahu ɗaya ne. Mai shago na ba da sabulu da mai "sai kaka". Ko majalisar da samari ke kafawa bakin titi bayan isha'i, wadda dattawa ke kira zaman kashe wando, tana da amfaninta: in ɗan majalisa zai yi aure ko an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, a nan ake fara karo-karo.

Wata Baturiya mai nazarin tattalin arzikin ƙauye, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi, a 1967, ta fitar da littafi a kan garin a 1972. Ta lura cewa gandu, inda 'ya'ya masu aure ke noma tare da mahaifinsu shi kuma ya ɗauke musu manyan hidimomi, ya fi ƙarko a gidan mai hali. Ɗan talaka da wuri yake ficewa, don babu gonar da za ta riƙe shi. Wato ko zumuncin ma yana son abin hannu. Ta kuma nuna cewa ciniki mai yawa a cikin gidaje ake yinsa, ba a kasuwa ba. Har gobe haka ne: matan da ba sa fita su ke auna hatsi da mudu, su ke yin ƙuli da mai da fura da ɗanwake, yau an ƙara da awara. Mai ƙidayar gwamnati zai rubuta cewa ba ta sana'a, alhali ita ke ba mijin rance in rumbu ya ƙare da tsakiyar damina. Amma a faɗi gaskiya, mai fitar da wannan kaya waje yarinya ce mai talla, kuma duk safiyar da ta yi da faranti a ka, ba ta yi ta a aji ba. Masu yabon al'ada ba su cika son a tsaya a nan ba.

Duk wannan lissafi a kan damina ɗaya ya rataya. Ruwa na sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, a yi noman fari da maimai, a yanke gero, a jira dawa. Da kaka kuɗi ke shigowa, shi ya sa aure da dambe da biyan bashi duk suke cunkushewa a lokacin. Daga nan sai dogon rani, samari su ɗaure jaka su tafi cin rani Kano da Abuja da Legas da Fatakwal: acaɓa, gadi, ga-ruwa, leburanci. Ƙauye ya koma na tsofaffi da mata da yara, sai hadarin farko ya maido su. Madatsar Zobe an gina ta ne don a karya wannan zama na rani.

An kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An tare kogin Karaɗuwa da bangon ƙasa mai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19, tafkin da ya taru a bayansa na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 179. Lissafin shi ne a shayar da gonaki hekta 8,000, a kuma tura ruwan sha har birnin Katsina, wanda ya dogara da madatsar Ajiwa. A ƙarshen shekarar nan sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, kuɗin man fetur ya ja baya, sauran aikin ya kwanta. Gwamnatoci suka yi ta zuwa suna duba wurin, suna alkawari, suna tafiya. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe matatar ruwan Zobe, mai ƙarfin tace lita miliyan 50 a rana. Shekara 38 ke nan. Yaron da aka haifa shekarar da aka tare kogin ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, yana sayen ruwa a kurar mai ga-ruwa, ga kuma ruwan kwance bayan gari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da mutanen gaɓa suka yi da ruwan ba tare da jiran kowa ba. Karaɗuwa kogin yashi ne, mai cika da damina ya ƙafe da rani. Da ruwa ya tsaya shekara zagaye, sai su ya zama sana'a a Garhi da Makera da sauran garuruwan bakin tafki. Aka sami jirage da taru da ƙugiya, aka sami masu sari tun asuba, da masu suya da masu banda. Karfasa da tarwaɗar Zobe suka shiga kasuwa. Manoma kuma suka bi ruwan: inda ya ja baya ya bar laka, a shuka, inda bai kai ba, a kafa inji da tiyo. Tumatir, albasa, tattasai, attaruhu, masara ɗanya. Yawancin wannan noma da sanayya ake yinsa: wannan ke da inji, wancan ke da fili, dillali ya ba da kuɗin taki a kan shi za a sayar wa. In kowa ya ɗebi tumatir mako guda, kwando ya faɗi warwas, babu wurin ajiya, sai a yanka a shanya. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa injuna da yawa sun yi shiru. Mai hali ya koma na hasken rana, marar hali ya rage fangali. Ruwan ya zo da nasa ciwo kuma: tsargiya a jikin yaran da ke wanka a gaɓa, da sauron da ba ya ɗaukewa ko da rani.

Jami'a ta yi wa garin cikin shekara 10 abin da madatsa ba ta yi ba cikin 30. Dama akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, don haka Dutsin-Ma ta san ɗalibai. Amma Jami'ar Tarayya da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, ɗaya daga cikin tara da aka buɗe tare, ta zo da wani irin yawa. Gonakin bakin gari suka zama fulotai, fulotai suka zama ɗakunan haya. Shagunan buga takardu, masu cajin waya, masu POS, gidajen abinci masu sakwara da miyar agushi, gidajen kallon ƙwallo inda ake rantsuwa a kan Arsenal da Barcelona. A karon farko gari ya cika da mutanen da mai unguwa bai san iyayensu ba, waɗanda ba sa bin kowa biki, komai nasu kuɗi hannu. Dattawa na ƙorafin shigar 'yan mata da tsadar haya, kuma ƙorafin haya gaskiya ne: saurayin gari mai neman ɗakin sa amarya yanzu da ɗalibi yake takara. Amma uban da ba zai taɓa barin 'yarsa ta tafi Zariya ba yana iya barinta ta yi digiri tana kwana a gida, kuma yarinyar Shema ko Dabawa da ta ga sa'arta na zuwa lacca ta ga hanyar da uwarta ba ta gani ba. Raunin wannan arziki shi ne ba a hannun gari yake ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ya nuna haka: mai shayi da ɗan acaɓa suka ji a jikinsu kafin kowa.

Sai babbar jarrabawa. Yamma da wannan yanki, ta wajen Safana da Batsari, dajin Rugu ne, wanda ya haɗe da dazukan Zamfara. Abin ya faro da satar shanu, ya koma tare hanya, ya koma ɗaukar mutane har gida. A Agustan 2019 an shiga Wurma ta ƙasar Kurfi da dare aka kora mutane da dama daji. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Oktobar 2023 aka ɗauke ɗalibai mata 5 na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Waɗannan suka shiga jarida. Wanda bai shiga ba shi ne abin da tsoro ya yi wa zaman yau da kullum. Rabin daɗin ƙauye da dare yake: hira a dandali, tatsuniya, zance, karatun allo a gindin wuta, tashe da azumi, kiɗan biki har asuba. A garuruwan gefen daji duk an naɗe su. Kai amarya ya dawo da rana tsaka. Gonar nesa, wadda galibi ita ce babba, an bar ta, ko a biya kafin a shuka a kuma biya kafin a girbe.

Asarar da ta fi zurfi ita ce ta tsakanin manomi da makiyayi. Wannan ƙasa ba ta san su a matsayin al'umma biyu masu gaba ba; gidan sarautar Yandaka kansa na Fulani ne, kuma auratayya ta cakuɗa jini tun tuni. Bayan girbi manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har ya ƙara masa da dami. Mai kuɗin gari shanunsa na ruga wajen amininsa. Bafulatana na da gidajen da take sauke ƙwarya, ta ba da nono ta karɓi hatsi, ta san sunan kowane yaro a gidan. Rigima kan ɓarna ba sabuwa ba ce, amma akwai inda ake kai ta. Da gonaki suka cinye burtali da makiyaya, aka yi ta cin tarar makiyayi fiye da ƙima, ɓarayi suka raba da yawa da garkensu, 'yan sa-kai kuma suka shiga afka wa na kirki da na banza, sai amana ta mutu a ɓangarorin biyu. Bafulatanin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba shi ya fi kowa shiga uku: daji bai bar shi ba, gari bai yarda da shi ba.

Matakan gwamnati su ma a kan wannan zaman suka sauka. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Dutsin-Ma, ta hana sayar da mai a jarka da ɗaukar mutum uku a babur. A Satumba aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Niyyar a toshe wa ɓarayi hanyar mai da ta labari da kasuwar shanun sata. Amma akuya ita ce bankin matar ƙauye. In an rufe kara, an rufe mata hanyar kuɗin magani. Ɗan cin rani ya kasa turo kuɗi gida, wanda aka shigo garinsu da dare ya kasa kiran kowa, mutane suka riƙa hawa mota zuwa wani gari don kawai su buga waya. Daga baya aka sassauta. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktobar 2023, matasan da aka ɗauko daga garuruwansu don sun san hanya sun san fuska. A 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama na yammacin jihar suka zauna sulhu da mutanen daji. Ina da shakku kan duk sulhun da ake yi bindiga na rataye a kafaɗar ɓangare ɗaya, amma a lura da waɗanda aka sa a gaba: hakimai da dagatai da dattawa, mutanen da aka raba da iko tun 1976.

A nan bashin zumunci ya nuna ƙarfinsa, a nan kuma ya fara gajiya. Mafi yawan waɗanda suka baro ƙauyuka ba a sansani suka ƙare ba. Gidan ɗan'uwa suka sauka, ko na tsohon abokin ciniki, ko kangon da mai shi ya ce a zauna. Baki ya ninku, tukunya ɗaya. In an ɗauki mutum, dangi da majalisa da masallaci ke haɗa kuɗin fansa, a sayar da sa, a jinginar da gona, a kwashi adashi kafin lokaci. Hanyar da aka gada don aurar da 'ya da binne mamaci ita ce yanzu ke ciyar da ɓarawo. Kuɗin fansa kuwa ba biki ba ne, ba ya dawowa. Duk wanda aka biya, an rage abin da za a taimaki na gaba da shi. Masu cewa mutanenmu akwai haƙuri da taimakon juna gaskiya suka faɗa, sai dai sau da yawa mai faɗin haka jami'i ne da bai yi nasa aikin ba.

An taɓa yi wa Italiya irin wannan tambaya ta me ke riƙe da zaman jama'a. Wani masanin siyasa ɗan Amurka, Robert Putnam, ya yi shekara da shekaru yana bin gwamnatocin yankuna da ƙasar ta kafa a 1970, ya fitar da sakamakon a 1993. Tsari ɗaya aka ba kowa, amma yankunan arewa irin su Emiliya-Romanya sun fi na kudu iya mulki nesa ba kusa ba, shi kuma ya danganta haka da yawan ƙungiyoyi a garuruwansu: na mawaƙa, na ƙwallo, na manoma, na taimakon juna. Su ma suna da dandali da ranar kasuwa da bikin waliyyin gari na shekara. A garin Bra, mai mutum kusan 30,000, Carlo Petrini ya faro ƙungiyar Slow Food a shekarun 1980 don kare abincin gargajiya da ƙananan manoma. Masu shanun wajen Parma kuwa, da yawansu haɗa madara suke yi a masana'antar cuku ta haɗin gwiwa, su sayar da suna ɗaya da doka ta kare.

In an bi maganar Putnam kai tsaye, da Kurfi ta fi ko'ina kyakkyawan mulki, don ba za a nuna mata taimakon juna ba. Bambancin a wani wuri yake. Nasu ya shiga rajista, yana da akawu da asusu da dokar da ta fi ƙarfin wanda ya kafa shi, yana kuma haɗa waɗanda ba dangi ba. Namu a ka yake, iyakarsa inda sanayya ta tsaya, adashi kuma da an gama zagaye ya watse. Sannan kowace gunduma a can, cikin kusan 7,900 da ƙasar ke da su, tana da zaɓaɓɓen magajin gari da kasafin kuɗinta, ko da mutanenta ba su wuce 500 ba. A nan sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma hukunci daban, aiwatarwa daban. Ba komai nasu ne abin sha'awa ba: ƙauyukansu na kan tsaunuka na mutuwa don ƙarancin haihuwa, makarantu na rufewa. Mu ajin ne ba ya ɗaukar yaran.

Wurin da za a gwada ko wannan tsohon bashi zai iya hawa tsari mai ɗorewa shi ne Zoben dai. Har yanzu mafi yawan hekta 8,000 ɗin nan a takarda suke. Duk ranar da aka gina magudanan da gaske, za a zo rabon fili da rabon ruwa: wa zai sha ran Litinin, wa zai jira Alhamis, wa zai yashe magudana, ta ina shanu za su gangara mashaya ba su bi ta kan albasar wani ba, wane wata za a ɗaga taru kifi ya hayayyafa. An ga yadda irin wannan ya ƙare a madatsar Bakolori a 1980, lokacin da manoman da aka raba da gonakinsu suka tare hanya aka buɗe musu wuta. Injiniya zai zo da taswira daga Sakkwato, ɗan siyasa zai zo da jerin sunaye daga Katsina. Mutanen da suka shekara 30 suna noma gaɓar da injin haya, da masuntan Garhi, da ardon da ya san inda tsohon burtali ya bi, ba lalle su fito a taswirar ko a jerin ba, kuma mafi yawansu ba su da takardar ko taku ɗaya na filin da suke nomawa. Shaidarsu mai unguwa ce da maƙwabcin gona.